Ƙotar bindigar kakanmu ta dare, noti kuma ya ƙi kwancewa: in gasa shi da wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin firamare ne a Daura, sassaƙa kuma abin sha'awata ce, nakan yi allo da muciya da ƙotar fartanya in na taso daga makaranta. Kakanmu ɗan bindigar fada ne, da shi ake fita hawan Sallah da na Gani. Tun da ya rasu bindigarsa ta toka take rataye a ɗakinsa, yau shekara 18, ƙotarta kuma ta dare a wuya. Bara na sassaƙa wata da maɗaci don gwaji, hunturu na shigowa ta tsage. Abin ya dame ni ƙwarai, don ita kaɗai ta rage mana daga kayan hannunsa. Wane itace zan nema? Sannan notin da ya riƙe bututun ya yi tsatsa, wani ya ce in gasa wurin da wuta zai saki. Ina ganin ba haɗari, tunda ko akwai albarushi a ciki ai ya daɗe da mutuwa.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, kada wuta ta kusanci bindigar nan har sai ka karanta amsar nan zuwa ƙarshe.

Maɗaci bai yi maka laifi ba, ɗanye ka sassaƙa. Wanda ake sayarwa a kasuwar katako bayansa kaɗai ya bushe, cikinsa da sauran ruwa, iskar hunturu kuwa takan zuƙe na waje da sauri ta bar na ciki, sai itacen ya ja kansa ya tsage. Nemi falle mai kaurin inci 3 wanda ba a yanko daga tsakiyar gungume ba, ka shafe bakunansa biyu da kakin zuma ko fenti, ka ɗora shi kan 'yan sanduna a ɗaki mai inuwa. Ƙa'idar masu aikin ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri. Ƙasarmu da bushewa, yakan yi sauri fiye da haka, amma ni ba na sa gizago sai itace ya ga hunturu biyu. Ka riƙa ɗora shi a sikeli duk wata; ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya isa.

In ka samu kanya busasshiya, ita na fi so, tana karɓar sassaƙa kuma tana da ƙarfi. Maɗaci na biye da ita. Ƙirya ta yi nauyi, a bar wa turmi da gawayin maƙera. Madobiya kyakkyawa ce, amma an sare ta har ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, ba zan tura ka nemanta ba. Kowanne ka zaɓa, duba jijiyar itacen: dole ta bi tsawon wuyan ƙotar, inda hannu ke kamawa, kada ta gitta shi. Nan ne wuri mafi siranta, nan kuma dukan bindiga ke bi in ta tashi. Ta kaka ma da wuya in ba abin da ya karya ta ke nan ba, ko kuwa baƙin man mota da ake shafa wa ƙarfe ya tsiyayo ya jiƙa itacen ya ruɓar da shi. In za ka shafa wa sabuwar ƙotar mai, man gyaɗa ba ya bushewa, ɗoyi yake yi. Man linsid ake so, wato man da kafintoci ke shafa wa itace, kaɗan-kaɗan, a murza da tafin hannu, tsumman da aka goge da shi kuma a shanya a fili, don in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Yanzu ga maganar da ta sa na ajiye aikina na zauna rubutu. Ka ce albarushin ya mutu. Wa ya gaya maka? Wannan magana ina jin ta kusan kullum a rumfata, daga bakin mafarauta, daga bakin masu gadon bindiga, har daga bakin masu ilimi irinka, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Albarushi ba tuwo ba ne da zai kwana ya lalace. In yana wuri busasshe, shekara 50 ba ta rage masa komai. In danshin damina ya shige shi ya dunƙule, rani na zuwa ya bushe, ƙarfinsa na nan. Abin da kan mutu shi ne 'yar hular da kunama ke dukawa, ko ƙaramar ƙofar da wuta ke bi ta toshe da tsatsa. Sai mutum ya ja kunama sau biyu, ya ji shiru, ya ce ai ba komai a ciki. Akwai. Hanyar wutar ce kawai ta toshe, kai kuma kana shirin kawo mata wuta ta wata hanya. Notin da kake son gasawa a gindin bututu yake, daidai inda albarushi ke kwance. Ƙarfe kuwa ba ya riƙe zafi a wuri ɗaya.

Ka tuna kuma yadda magabata suke ajiye bindiga. A ɗure suke rataye ta, saboda kura ko ɓarawo da dare. Wanda ya tsufa yakan manta ya ɗura, ya sake ɗurawa a kan na farko. Na sha ciro ɗuri biyu daga bututu guda. Kada kuma ka ce ta hawan Sallah ce, ba a sa mata dalma. Tsumman da aka toshe da shi, da tsatsar shekaru, da gidan zanzaro da ya bushe a bakin bututun, duk harsashi ne in tazarar taku uku ce. In bututun ya ci tsatsa ta ciki, ba ma ta baki za ta fita ba, a hannunka za ta fashe.

Ina saurayi a rumfar maigidana aka kawo wata irin taka, mai ita ya rantse tun zamanin ubansa ba a taɓa harba ta ba. Wani yaron shago ya ɗauko fitila zai turara gindin bututun da baƙin hayaƙi, yadda muke yi don mu ga inda ƙarfe ke taɓa itace mu kankare. Ban ji ƙarar ba sosai, hayaƙin na tuna, da randar ruwa da ke bakin ƙofa ta tarwatse, ruwa na bin ƙasa yana jan ɓawon sassaƙa. Yaron ya rasa yatsu biyu. Minti kaɗan kafin nan wata yarinya mai tallan fura na tsugune a gefen randar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa an ɗaure bakinta. A kawo maka bindiga da laya ɗinke a wuyan ƙota, a ce malam ya tofa, ba ta tashi sai mai ita ya yi nufi. Na kwance irin waɗannan layu ba adadi, galibi tsagar itace suke ɓoyewa. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ce masa albarushi na jin tofi, in rai ya salwanta yana da kamasho a ciki, kuma zai yi bayani gaban Allah. Haka masu ɗaure ƙotar da ta dare da waya ko robar tayar keke su ce ta gyaru. Rai amana ne, naka da na yaran gidan da ke wasa a tsakar gida lokacin da kake aiki.

Ga yadda ake dubawa. Juya bakin bindigar ga bangon ƙasa, ba kowa a gaba, kunama a kwance, an cire hula in akwai. Zura siririyar sanda ta itace a hankali har ta tsaya, yatsu biyu kawai a gefenta, kada fuska ko tafin hannu su rufe bakin. Yi alama daidai bakin bututu, zaro ta, ka shimfiɗa ta a waje. In ƙarshenta bai kai wajen ƙofar wuta ba, akwai abu a ciki. Daga nan aikinka ya ƙare. Kada ka tona da ƙarfe, kada ka buga, kada ka ce bari in harba ta ta fita.

Wanda zai ciro ɗurin shi ne mai gyara da ke da izini, nan kuma doka ta shigo. Dokar makamai ta 1959 ta ƙidaya sassan bindiga a cikin ma'anar bindiga, gyara kuma sai da izinin hukuma. Lasisin bindigar toka a hannun rundunar 'yan sandan jiha yake, kuma ba a gadonsa kamar gona. Na san wahalar: je ka dawo, mai sa hannu ba ya nan, fayil ya ɓata. Na sha takaicin wannan har na gaji. Amma ka san halin da jiharmu ke ciki da 'yan bindigar daji, ranar da aka tare ka a shinge tsakanin Daura da Katsina da bututu a buhu, ba wanda zai tsaya jin tarihin kaka. Je wurin shugaban 'yan bindigar fada, tunda kaka nasu ne, shi ya san mai gyaran da hukuma ta yarda da shi, shi zai raka ka a yi takarda.

Kafin nan kana da aikin yi. Shimfiɗa kwali, ka zana siffar tsohuwar ƙotar ba tare da ka kwance komai ba, ka auna tsawonta daga kunama zuwa gindi, ka sassaƙa ta gwaji da bedi ko wani itace mai araha har hannunka ya faɗa. Kanyar kuwa ka saye ta a wannan makon, ka shafe bakunanta, ka rubuta kwanan wata a jikinta da gawayi.