Zan iya ciro dubu 400 a kuɗin shago in kai iyali hutu bakin ruwa?

Wani ɗan'uwa mai saida atamfa da shadda a babbar kasuwar Sakkwato ya turo min wannan, na ɗan rage tsawonshi: "Salamu alaikum Malam. Ɗiyana ukku, babbar shekara 6, mai bi mata 4, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Tun da munka yi aure ban taɓa fita da su ko'ina ba in ba gaisuwar dangi ba, yanzu maiɗakina ta ce in an ba da dogon hutu mu tafi bakin ruwa mu yi kamar kwana biyar, ko Goronyo ko wajen Kano. Na yi lissahi zai ci kamar dubu 400. Kayan da ke shago sun kai miliyan 4, amma miliyan ɗaya a ciki bashin maigidana ne na Kantin Kwari. Da damina ribar da nake samu a rana ba ta wuce dubu 15. In ciro a kuɗɗin shago in maida daga baya, ko in ranta a irin app ɗin nan na waya? Kuma in rufe shago ko in bar ma yarona?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara buɗi.

Kafin mu shiga lissafi, ka kai su. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don da yawa cikinmu 'yan kasuwa daga asuba sai bayan isha'i muke ganin gida, yaro ya tashi bai san ubanshi ba sai wajen miƙa kuɗin cefane, kuma maman yara ba ta roƙi abin da ya wuce ƙima ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda kake son ciro kuɗin.

Bari mu duba dubu 400 ɗin nan da kyau. Ka ce kayan shago miliyan 4, amma ai naka miliyan 3 ne, ɗayan amanar mutumin Kano ce da ya yarda da kai ya sakar maka kaya. Kenan abin da za ka zara ya haura kashi 13 cikin 100 na jarinka na gaskiya, a kwana biyar. Kuma ba nan ta tsaya ba. In ka rufe shago kwana biyar a kan dubu 15, dubu 75 sun tafi. Sannan ita kanta dubu 400 ɗin da tana cikin shago ai ba kwance za ta yi ba, mu ɗauka kana cin kashi 10 a kowane sari kuma kana juya kuɗin sau huɗu a shekara, dubu 160 kenan da ba za su shigo ba. Ka haɗa ka gani, tafiyar da ka sa ma dubu 400 ta koma dubu 635. Kai ka san ribarka fiye da ni, ka cire nawa lambobin ka sa naka, amma ka yi lissafin a takarda, kada ka bar shi a ka.

Maganar "in maida daga baya" kuma, Alhaji ina ba ka haƙuri, ba a cika maidawa ba. Ba wai don mutum mugu ne ba, lokacin ne bai ba da dama. Za ku dawo ƙarshen Agusta, Satumba na kamawa ga kuɗin makaranta na sabuwar shekarar karatu, ga yunifom ga littattafai ga takalmi na yara biyu, ga damina ba ta ƙare ba abinci na tsada kafin sabon gero ya shigo, sai ka ga maimakon maidawa ka sake zara. Ranar da mutumin Kano zai kira ka ce mashi a ƙara haƙuri, shi kuma ba zai yi faɗa ba, kawai in ka koma sari sai ya rage maka kaya ko ya ce wannan karon sai da kuɗi hannu. Wannan yardar ta fi dubu 400 tsada nesa ba kusa ba. Manomi ko yunwa ta kai ina bai dafa irin da ya ajiye don shuka, to jarinka shi ne irinka.

App na rance kuwa ka cire shi a ranka gaba ɗaya. Kuɗin ruwa ne, ka san hukuncinshi a addini ba sai na faɗa maka ba, kuma wa'adinsu gajere ne, sati biyu ko wata. Wasunsu in ka yi lattin biya sai su bi lambobin da ke wayarka suna tura ma mutane saƙo wai kai macuci ne, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta dira a kan wasunsu a 2022. Ɗan kasuwa da sunanshi yake cin abinci. Ka yi tunanin saƙon nan ya faɗa wayar maigidanka na Kwari ko ta surukinka, saboda yawon buɗe ido.

To ina kuɗin za su fito? Daga albashinka. Na san za ka ce ai ba ka da albashi, to matsalar kenan, kuma ita ce ta kusan duk wanda ke min irin wannan tambayar. Aljihunka da durowar shago sun zama ɗaya, cefane daga nan, gudunmawar biki daga nan, kuɗin mai daga nan, shi ya sa kake ganin duk abin da ke ciki naka ne. Ka yanka ma kanka abin da za ka riƙa ɗauka a rana ko a sati, ka tsaya a kanshi, a cikinshi ne za ka ware na hutu. Dubu 2 a rana, kwana 26 a wata, dubu 52 kenan, wata shida ka haɗa dubu 312 ba tare da ko turmi ɗaya ya ragu a kanta ba. Ka buɗe wani akawun daban wanda ba shi ne kwastomomi ke turo kuɗi ciki ba, kada ma ka karɓi katin ATM ɗinshi. In kuma ka san hannunka bai iya riƙe kuɗi, ka shiga adashe na 'yan layinku da uwar adashe da ka yarda da ita, ka roƙa kwasarka ta faɗo watan da za ku tafi. Ita ma uwargida ka sa ta ciki, ka faɗa mata gaskiyar lissafin, mata in sun san inda anka dosa sun fi mu iya tattali, za ka sha mamakin abin da za ta rage a cefane.

Yanzu batun wajen zuwa, don shi ma lissafin kuɗi ne. Dogon hutunmu daga ƙarshen Yuli ne zuwa Satumba, tsakiyar damina kenan. Hotunan da ake gani a waya na Turawa kwance bakin tafki, su lokacin ne rana ke fito masu bayan sanyi, mu kuma lokacin ne gulbi ke cika yana ɗiban mutane, sauro na kan ganiyarshi. Dam ɗin Goronyo babban ruwa ne, an gama gina shi 1984 a kan gulbin Rima, yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, abin kallo ne ƙwarai. Amma ni dai ba zan ce ka kwashi mata da ƙananan yara ka kwana can ba a halin da gabashin Sakkwato ke ciki na rashin tsaro, kai ma kana jin labarin Sabon Birni da Isa da Rabah da ita kanta Goronyo. Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Kuma a Agustan 2025 ne kwale-kwale ɗauke da mutum sama da 50 ya kife da su a hanyar zuwa kasuwar Goronyo, kafin nan a Afrilun 2022 mutum 29 sunka rasu a ruwan Shagari, akasarinsu yara da matasa. Don Allah ko ina kunka je, kada yaro ya hau kwale-kwale ba rigar ceto, ko ana ba ku kyauta.

Kano kuwa, Tiga ko Bagauda, ruwa ne masu kyau, amma daga nan zuwa Kano sama da kilomita 500 ne, yini guda a mota da jinjiri, ta hanyar Gusau da Funtuwa wadda ba a son dare ya yi ma mutum a kanta. Kwana biyu cikin biyar sun tafi a hanya, kuma tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota shi ke cinye kaso mafi girma na duk wata tafiya. Wani zai ce ka haɗa da sari ka jefi tsuntsu biyu, ni ban cika son haka ba, don a ƙarshe kai kana Kwari kana ciniki su suna ɗakin otal suna kallon bango, kuma kuɗin sari da na hutu su cakuɗe ka rasa wanne ya ci wanne.

Ga abin da nake gani ya fi maka. Wanga hutu ku yi ƙaramar fita ta yini ɗaya, tafkin Kware na nan kusa, bai kai tafiyar awa ɗaya ba, ku fita da hantsi da abincinku a kula, tabarma, ruwan sha daga gida, ku dawo kafin la'asar sakaliya ku kwana ɗakinku. Ka fara tambayar direbobin tasha da wani ɗan garin yadda hanya take a satin, su ke da labari na yau. Dubu 30 zuwa 40 ta isa har da kifin da za ku sayo, kuma wannan kana iya tara shi a sati uku. Yarinya 'yar shekara 6 da ɗan shekara 4 ba ruwansu da sunan wuri, su ga ruwa, su ga masunta na jan koma, su ga babansu zaune ba ya amsa waya, sun gama samun labarin da za su kai makaranta. Babbar tafiyar kuma ka ɗaga ta zuwa hutun Disamba ko baɗi in asusu ya cika. Lokacin ruwa ya ja baya, sauro ya ragu, ba zafin Afrilu mai haura digiri 40. Argungu na nan, kamar kilomita 100 daga Sakkwato, ku ga Matan Fada inda ake bikin kamun kifin da anka fara tun 1934, ku shiga gidan tarihi na Kanta, kwana ɗaya ko biyu ya wadatar. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai kuɗin da ba ku sa a dubu 400 ɗin nan ba, na tabbata. Tsaraba na farko, ba za ku dawo hannu biyu ba, ga Hajiya ga surukai ga maƙwabta, ka yanke mata iyaka tun daga gida. Sai 'yan rakiya, da an ji Alhaji zai fita da yara sai ɗiyan yaya da na ƙane su taso, mutum biyar su koma tara. Mutum ɗaya dai nake so ka ƙara da gangan, babba, ƙanwar maiɗakinka ko taka, don uwa na goye da ƙarami ba za ta iya bin biyu a bakin ruwa ba, kuma yaro na nutsewa ne shiru ba ihu. Sai kuɗin asibiti, ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kasafin kada ka taɓa. In za ku kwana ku tafi da gidan sauro, kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sunka zo unguwa a tabbata ƙananan biyu sun sha. Kada a bar su su yi wanka ko wasa cikin ruwan da ke kwance, nan ake kwaso tsargiya, bayan watanni ka ga yaro na fitsarin jini ka rasa daga ina.

Shago kuma kada ka rufe, kwastoman da ya zo ya tarar da ƙofa a garƙame maƙwabcinka zai shiga, wani daga ranar ya sauya gida. Ka bar ma yaronka amma da tsari. Daren tafiya ku ƙirga kaya tare, turmi nawa yadi nawa, ku rubuta. Ka rubuta mashi farashin ƙarshe na kowane kaya, ka ce ba bashi ko ga wa har ka dawo, ko ɗan'uwanka ne. Duk ciniki a biya ta POS ko tiransifa zuwa akawun ɗin shago alat na shigo maka, tsabar da ta shigo ya kai wa mai POS ya tura kafin magariba, ka roƙi maƙwabcinka ya riƙa leƙawa. In ka dawo komai ya cika ka yi mashi ihsani na musamman. Fitar Kware ta yini ɗaya ma gwaji ce mai kyau, a nan za ka gane ko za ka iya bar mashi shago kwana uku a Disamba.

Ranar ma ka zaɓe ta da idon ɗan kasuwa. Farkon Agusta kasuwar yadi a kwance take, nan ya dace. Makonni biyun ƙarshe kafin a koma makaranta kuwa masu ɗinkin yunifom na shigowa, kuma ka duba kalanda ko Maulidi zai faɗo kusa, don Islamiyyoyi na fitar da anko, bai kamata a neme ka a rasa ba.

Ka turo min abin da kake kashewa a gida a wata da ranar da kunka yi da mutumin Kano za ka biya, sai mu fitar da albashin da shagon zai iya ɗauka da abin da za ka riƙa jefawa asusu kullum. Ka gaida uwargida da yara.