Amsa ga almajirina a kan kurfotin jin ɗumi

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka sa guduma a jikin ƙarfe. Ka ce wani magidanci daga ƙauyukan Ringim ya ba ka aikin kurfoti biyu saboda hunturu ya kankama, ɗaya na ɗakin matarsa mai jego, ɗaya kuma na ƙofar gida inda dattawa ke hira bayan sallar isha'i, kana so ka san ko samfuri ɗaya za ka yi masa, da kuma ƙarfen da ya dace. Samfuri biyu za ka yi, domin abin tsoro a wutar fili tartsatsi ne, abin tsoro a wutar ɗaki kuwa iskar da mutane za su shaƙa.

Zan fi daɗewa a kan na ɗaki, saboda a nan ake rasa rai. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta ishe shi ba, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma ba ta da launi, tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har sau 200 da wani abu. Mutanenmu sun ɗauka da zarar hayaƙi ya ƙare gawayi ya koma jan garwashi, to an tsira, alhali garwashin nan mai kyan gani yana ci gaba da fitar da ita. Shi ya sa ban yarda da murfin da ka ce mai aikin ya nema ba, wai don wutar ta kai asuba. Murfi yana shaƙe wuta, wutar da aka shaƙe kuwa ta fi kowace yawan guba.

Na ga wannan da idona tun ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Wani maigadi ya sayi kurfoti a hannuna, ya shiga da shi ɗakinsa, ya ja ƙyaure, ya cusa tsumma a tagar da ke sama. Da safe aka same shi kwance yana amai, ya kasa ɗaga kai, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, har wasu suka fara cewa iskokai ne suka taɓa shi. Da aka fito da shi tsakar gida ya sha iska aka kai shi asibiti, Allah ya sa yana da sauran kwana. Babban mutum ke nan mai ƙarfi a jika, ka ƙiyasta jaririn da bai yi arba'in ba.

Saboda haka na ɗaki ka yi shi ƙarami, wanda cikinsa ba zai ɗauki gawayi mai yawa ba ko da an so. Ka nemi farantin ƙarfe baƙi mai kaurin milimita 2 a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka yi ragar ɗora gawayin da rodi, ka bar wa iska ƙofa wadatacciya a ƙasa, sannan ka sa faifan ƙarfe na tarar toka. Ƙafafu uku sun fi huɗu zama daram a kan daɓe, tsayinsu kuma ya kai taƙi ɗaya, don kada zafi ya narkar da ledar ɗaki ko ya fasa siminti. Hannuwan ɗauka ka lanƙwasa su nesa da jikin kurfotin, domin mace ce za ta riƙa fita da shi kowane dare. Kada ka kuskura ka yi amfani da kwanon rufi, saboda farin shafen da ke jikinsa yana ƙonewa ya ba da hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, ga shi sanyi ɗaya ya ishe shi hujewa. Ni in da matata ce, kaskon yumɓu na gargajiya zan ba ta, don ya fi ƙarfe riƙe ɗumi bayan an kwashe wutar, ko da yake wannan maganar ba ta kawo mana ciniki.

Idan ya zo karɓa, ka zaunar da shi ka yi masa bayani da bakinka. A hura wutar a tsakar gida, a shigar da ita ta ɗumama ɗakin taga na buɗe, a ajiye ta nesa da gidan sauro da labule, a kuma fitar da ita kafin kowa ya kwanta. Duk wanda ya ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, a fita da kowa waje nan take.

Zai iya tambayarka ko hita ta lantarki ba ta fi ba. Ta fi tsabta, amma da yawansu suna jan har wat 2,000, ƙaramin janareton da ake kunnawa a shaguna kuwa bai kai wat 1,000 ba, batirin sola babba guda ɗaya kuma a cikin kamar awa guda za ta zuƙe shi. Ko wutar kamfanin lantarki na KEDCO ta samu, siririyar wayar da ake ja a gidajen ƙauye tana iya narkewa a soket. Ta gas ma tana cin iskar ɗaki kamar gawayi.

Na ƙofar gida ya fi sauƙi, kuma a nan kana iya sakin hannu. Rabin duro ya isa, a huda shi zagaye daga ƙasa, a ɗora shi a kan ƙafafu masu faɗi yadda yaro ko akuya ba za su ture shi ba. Sai dai ka binciki abin da aka taɓa zubawa a duron, domin wanda ya ɗauki fetur yana iya fashewa da mai yanka ko da ya shekara a bushe, sai an wanke shi an cika shi da ruwa kafin wuta ta taɓa shi, wanda ya ɗauki maganin feshi kuwa ka bar shi gaba ɗaya. Ka ƙone fentin jikinsa a bayan gari kafin ka miƙa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ka ɗaga masa bango na ƙarfe a gefe guda, wanda za a juya wa iska, ya tare ta kuma ya mayar wa masu zama da zafin. Ka rufa masa raga mai ƙananan idanu a sama saboda tartsatsi, musamman in za su sa kara ko itace, domin a watan Janairu zana da jinka da rumbu duk sun bushe ƙayau. In za su samu gawayin ƙirya irin namu na maƙera, ya fi daɗewa yana ci, kuma su ajiye bokitin yashi a kusa.

Ranar da za ka shigo sayen rodi, ka taho da ƙaramin kafin ka haɗa masa ƙafafu, ina so in duba tazarar ragar da girman ƙofar iskar.