Zaure da cikin gida: amsa a kan api da implementation

Ɗana, jiya ina shirin fita kasuwar Kejetia a Kumasi ka tare ni a ƙofar shago da tambaya, na ce ka bari sai na zauna. To ga ni na zauna. Ka ce ka ɗaga Gradle, manhajar da ke haɗa mana aikin Java ta kuma ɗauko kayan da yake buƙata, zuwa siga ta 7 a aikin nan na masu sayar da kayan mota a Suame, kalmar compile ta daina karɓuwa, ka maye ta da implementation ko'ina, sai ɓangaren rasit ya ƙi haɗuwa, yana kukan bai ga JsonObject ba. Da ka mai da komai api, jan rubutu ya koma kore. Shi ne kake tambaya, me zai hana a bar shi haka?

Kada ka bar shi haka. Bari in gaya maka dalili.

Fara riƙe wannan: kowane ɓangare na aikinka yana da jerin kaya biyu. Na farko shi ne abin da mai harhaɗawa yake buƙatar gani kafin ya mai da rubutunka abin da inji zai karanta, Gradle na kiransa compileClasspath. Na biyu shi ne abin da dole ya kasance a wurin lokacin da manhaja ta tashi tana aiki a hannun mai ita, wato runtimeClasspath. Jerin biyu ba ɗaya ba ne, na biyun ya fi tsawo kusan kullum. Sannan kowane laburare da ka gayyato, wato rubutun wasu da ka aro ka sa a aikinka, ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana zuwa da goyo, goyon ma wani lokaci da nasa goyon. Kai ka rubuta layi biyar a build.gradle, fayil ɗin da kake lissafa wa Gradle laburaren da kake so, amma abin da zai sauko daga Maven Central, rumbun laburare na intanet, ya kai fayil hamsin. Duk maganar da muke yi a kan goyon nan ce: wanne zai shiga jerin farko, wanne zai tsaya a na biyu kawai.

Tsohuwar kalmar compile ba ta bambancewa. Duk abin da ka sa a ƙarƙashinta, wanda ya dogara da kai zai gan shi, ya taɓa shi, ya yi gini a kansa ba tare da ya nema ba. Shi ya sa a Gradle 3.4, cikin 2017, aka kawo java-library da kalmomin api da implementation, aka yi shekara huɗu ana gargaɗi, sannan a siga ta 7.0, cikin 2021, aka cire compile da runtime gaba ɗaya.

Ka tuna gidan kakanka a Aboabo. Baƙo yana shiga zaure, ya zauna a kan tabarma, ya ga buta da buzu da duk abin da aka ajiye a wurin. Tukunya da murhu suna cikin gida, ba ya ganinsu, amma da su aka dafa abincin da aka fito masa da shi. Abin da ka sa a api, zaure ka ajiye shi. Abin da ka sa a implementation, yana cikin gida: ɓangaren da ya dogara da kai ba zai gan shi ba lokacin harhaɗawa, amma lokacin aiki yana nan, Gradle zai ɗauko shi da kansa. Nan mutane da yawa suke ruɗewa, suna zaton implementation na hana goyo isa. Yana isa, a jeri na biyu.

Yanzu dubi naka. Na buɗe ɓangaren biya, wanda ɓangaren rasit ya dogara da shi, da safe. Kana da hanya ɗaya, wato method, a buɗe ga kowa wadda ke mayar da JsonObject na Gson, laburaren da ke karanta bayanan JSON. Wato ka ɗauko tukunya ka ajiye a tsakiyar zaure, sannan ka gaya wa Gradle cewa tana cikin gida. Mai harhaɗawa bai yi ƙarya ba da ya ce bai gan ta ba. Ka'idar ba ta da wuya: idan nau'in wani laburare ya bayyana a abin da hanyarka ta fili take karɓa ko take mayarwa, ko ajinka, wato class, ya gaji ajinsa, to api ne. Idan a cikin cikin hanya kawai kake amfani da shi, implementation ne.

Gyara biyu gare ka. Ko dai ka sa Gson shi kaɗai a api, ko kuma ka ƙirƙiri ajinka na kanka, ka kira shi SakamakonBiya, da kuɗi da lambar ciniki da lokaci, ka riƙa mayar da shi. Ni na biyun nake so. Ranar da muka so sauya Gson da Jackson, wani laburaren mai irin aikinsa, ɓangaren rasit ba zai ma ji labari ba. Kuma akwai ribar da za ka gani yau ɗin nan: idan abin da ke implementation ya canza, Gradle ba ya sake harhaɗa ɓangarorin da ke samanka. A wannan tsohuwar kwamfutar taka, da wuta ke ɗaukewa ana cikin aiki, minti uku da minti ɗaya ba ɗaya ba ne.

Akwai wasu kalmomi biyu, runtimeOnly da compileOnly, ba sa buƙatar dogon bayani. Direban PostgreSQL, ma'ajiyar bayanai, ba ka kiran sunansa a rubutunka, ta JDBC kake magana, ƙofar da Java ke bi zuwa ma'ajiyar bayanai, to runtimeOnly. Abin da wurin aikin zai kawo da kansa, kamar Servlet API a kan sabar Tomcat, compileOnly. Idan ka koma Maven, takwaran Gradle, za ka tarar da provided a madadin wannan na ƙarshe. Kuma idan muka wallafa laburarenmu, api kan zama compile a fayil ɗin POM da ke lissafa goyonsa, implementation ya zama runtime.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne goyo biyu masu suna ɗaya, siga daban. Gradle yana zaɓar wadda ta fi sabunta. Maven yana zaɓar wadda ta fi kusa da kai a bishiyar. Na taɓa kai wa wani ɗan kasuwa aiki a Adum, komai kore a wurina, muka kunna a shagonsa, ciniki na farko ya wuce, da aka zo buga rasit manhaja ta faɗi da NoSuchMethodError, ga mutane tsaye da kuɗi a hannu. Wani laburare ne ya jawo sabuwar sigar abin da wani yake buƙatar tsohuwarsa. Ban rubuta sunan wannan abin a ko'ina ba, a goye ya shigo. Haka aka yi a Disambar 2021 da aka gano ɓarakar tsaro a laburaren Log4j: kamfanoni da yawa ba su taɓa gayyatarsa ba, sai da suka duba suka tarar yana zaune a cikin kayansu, hawa biyu ko uku a ƙasa.

Idan irin wannan ya same ka, kada hannunka ya yi saurin zuwa ga exclude, umarnin cire goyo. Ka cire goyo, harhaɗawa ta wuce lafiya, sai ranar da mai kaya ya danna maɓallin da ke buƙatarsa NoClassDefFoundError ta fito. Sa constraints, ka faɗi sigar da kake so, ka rubuta dalili a because domin wanda zai zo bayanka.

Gobe kafin azahar, mai da duk api ɗin nan implementation. Buga gradle dependencies a kan compileClasspath na ɓangaren rasit, sannan a kan runtimeClasspath, ka ajiye su gefe da gefe ka ga inda suka rabu. Duk sunan da ba ka gane ba, bi shi da dependencyInsight ka ga wa ya goyo shi. Sai ka rubuta SakamakonBiya, ka kawo mini mu duba tare.