Da gaske ne sojojin Janar Wingate ba sa shan ruwa ko magani?

Tambaya: Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi Yaƙin Bama, kuma yakan ambaci wani Janar Wingate. Yanzu ɗana ya ƙwallafa rai a kan shiga dakarun kundumbala. Ya haɗu da wani mai horar da matasa da ke karɓar kuɗi, yana sa su gudu da tsakar rana ba ruwa, ya hana su maganin zazzaɓi, wai mutanen Wingate da ƙarfin zuciya kawai suka yi yaƙi. Yaron ya rame, har ya taɓa yanke jiki ya faɗi. Haka janar ɗin ya yi? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Alhaji, Allah ya gafarta wa Baba. Kafin komai, ka raba yaron nan da mutumin nan yau, kada ka jira gobe.

Orde Wingate hafsan Ingila ne, haihuwar Indiya a 1903. Ya yi aiki a rundunar tsaron Sudan, sannan a 1938 ya kafa ƙungiyar masu kai farmakin dare a Falasɗinu, wadda har yau ake tuna ta da azabtar da ƙauyukan Larabawa. A 1941 ya jagoranci 'yar rundunar da ta raka Sarki Haile Selassie ya koma Addis Ababa. Abin da ya fito da sunansa shi ne rundunar Chindit a Bama, wadda aikinta kutsawa can bayan Japanawa, jiragen sama suna jefo mata abinci da harsashi. A farmakin 1944 akwai bataliya 3 na sojan Najeriya a ciki, ta 6 da ta 7 da ta 12, kuma sun riƙe sansanin da ake kira White City. Idan a cikinsu Baba yake, ba ƙaramar wuta ya gani ba.

To, ga inda maƙaryata ke shiga. Kullum sai na ji wannan magana, daga iyaye, daga yara, har daga wasu masu kaki: wai sojan kundumbala shi ne wanda jikinsa ya fi ƙarfin ƙishirwa da cuta. Tarihin Wingate ɗin da suke fakewa da shi, shi ne ya fi kowane ƙaryata su.

A watan Fabrairun 1943 Wingate ya haye kogin Chindwin a Bama da mutum kusan 3,000. Fiye da 800 ba su dawo ba. Cikin waɗanda suka dawo, kusan 600 ba su sake moruwa a fagen daga ba, yunwa da zazzaɓin cizon sauro da atuni sun gama da su. Waɗanda suka kasa tafiya a ƙauyuka aka riƙa barin su, ko a gindin itace. Hanyar jirgin ƙasan da suka lalata kuwa, Japanawa ba su daɗe ba suka gyara abinsu. Wingate da kansa ya gane cewa barin masu rauni a daji yana karya zuciyar runduna, shi ya sa a 1944 aka samo ƙananan jiragen Amurka masu kwashe su. Ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris, 1944. Bayansa aka bar mutanensa a daji suka wuce kwana 90 da aka tsara musu, damina tana dukan su. Da likitoci suka duba birged ta 111, wani sashe na rundunar Chindit, cikin mutum kusan 2,200 waɗanda ke da lafiyar ci gaba da yaƙi ba su haura 120 ba. Waɗannan fa zaɓaɓɓun maza ne, ba wanda zai ce musu ragwaye.

Shi kansa janar ɗin, a hanyarsa ta komawa Indiya a 1943 ƙishirwa ta sa ya sha ruwan tukunyar furanni, taifot ta kwantar da shi makonni ana tsakiyar shirin yaƙi. Cuta ba ta tambayi muƙaminsa ba.

Wanda ya kori Japanawa daga Bama shi ne Janar William Slim, kuma ya fara ne da yaƙar sauro. Ya lissafa cewa a 1943, duk soja 1 da aka kwashe saboda rauni, akwai 120 da aka kwashe saboda ciwo. Sai ya mai da shan ƙwayar zazzaɓi doka, har ya tuɓe kwamandojin da mutanensu ba sa sha. Wannan shi ne aikin soja. Ni ina girmama Wingate a kan basirarsa ta ciyar da runduna ta sama, amma ba zan yabe shi a kan yadda ya raina lafiyar mutanensa ba.

Ka tambayi mai horon nan: ina likitansa? Ina motar da za ta ɗauki yaro idan ya faɗi? A horo na gaskiya ana wahalar da mutum ƙwarai, amma ana auna ruwan da zai sha, ana duban yanayin zafi, mai jinya yana tsaye a gefe. Gudu cikin rana ba ruwa ba ya gina jiki, ƙoda yake kashewa. Wasunsu har ƙwayoyi suke ba yara don kada su ji gajiya, su haɗa da laya, su kuma yi alkawarin samo gurbi. Neman shiga soja kyauta ne, kuma dakarun kundumbala daga cikin sojojin da ke bakin aiki ake tace su. Ba wanda ke sayar da wannan gurbi a filin ƙwallon unguwa. Wanda ya karɓi kuɗin talaka ya jefa ɗansa cikin halaka da sunan jarumta, ya ji tsoron Allah, domin rai amana ne.

Ka kai yaron asibiti a auna jininsa da ƙodarsa. Ka tambaye shi launin fitsarinsa: idan ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ragu sosai, ko yana ruɗewa bayan gudu, a tafi a wannan daren. Idan ya warke kuma burinsa na nan, ya ci ya ƙoshi, ya yi gudunsa da sassafe da gorar ruwa a hannu, ya jira sanarwar ɗaukar soja ta hukuma.