Sauya Salansar Ferrari F355: Yana Rage Mata Daraja?

Tambaya: Malam, na mallaki Ferrari F355 ƙirar 1997, kuma ina son in sa mata salansar kamfanin Tubi ko na Capristo domin ƙara mata kuka. Shin hakan zai rage mata daraja?

Amsa: Alhaji, tambayarka tana kan hanya. An ƙera F355 a Maranello ta Italiya daga 1994 zuwa 1999, da inji mai silinda takwas da lita 3.5, kuma masu neman irinta a yau sun fi ɗora kuɗi kan wadda take yadda ta fito daga kamfani. Saboda haka, idan za ka sauya, ka zaɓi salansar da ake ɗaurawa da noti ba tare da yanka ko walda ba, sannan ka adana ta asali a busasshen wuri tare da takardunta, domin Ferrari Classiche, sashen kamfanin da ke tantance tsofaffin motocinsa, yana duba asalin kayan mota kafin ya ba da shaidar cewa ta asali ce.

Kada ka sa ran ƙarin ƙarfi mai yawa. Abin da za ka samu shi ne sauƙin nauyi da sautin da ya fi kaifi. A ganina, kuɗinka ya fi cancanta a gyaran bututan hayaƙin da ke fitowa daga kan injin, waɗanda aka san su da tsagewa saboda zafi, har su jawo ƙonewar bawul. Matatar hayaƙi kuwa, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙin mota, ka bar ta a wurinta, domin cire ta laifi ne a titunan Turai da Amurka.