Amsa: Me ya hana 'yan gidan Wright sarewa?

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan da suka ƙera jirgin sama mai inji, ba su sare ba duk da faɗuwar da suka sha. A ganina, kowace faɗuwa suna ɗaukar ta a matsayin tambaya da ke neman amsa.

Masu shagon kekuna ne a Dayton, jihar Ohio. A 1901 suka je Kitty Hawk, wani wuri a bakin teku a jihar North Carolina, da jirgin sama marar inji, sauro ya addabe su, fikafikan kuma suka ƙi ɗaga shi yadda lissafin magabata ya nuna. Suka koma gida jiki a sanyaye. Maimakon su haƙura, sai suka zargi lissafin. Suka ƙera akwatin katako mai fanka a baki da ke hura iska ciki, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200 a cikinsa. Wannan aikin na cikin shago shi ya fi burge ni, wallahi.

Kuma sun san akwai mutuwa a ciki, tunda Otto Lilienthal na Jamus, wanda ya riga su gwajin jirage marasa inji, ya rasu a 1896 bayan jirginsa ya faɗo.

Ranar 17 ga Disamba, 1903, Orville ya tashi da jirginsu mai inji na daƙiƙa 12, tafiyar ƙafa 120. Kafin su bar wurin a ranar, Wilbur ya yi daƙiƙa 59 a sama.