Tsakanin tear, rip da shred

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kalmomin Turanci tear da rip abu ɗaya ne. Sun yi kusa, amma da bambanci. Tear yagewa ce kowace iri, ko da ƙusa ce ta kama rigarka ta ɗan kece. Rip kuwa sai an fizga da ƙarfi, farat ɗaya, kamar mai fushi ya keta wasiƙa. Shred ya fi su ɓarna, yayyagawa ce filla-filla, irin wadda injin ofis ke yi wa takardun sirri.

Damage kuwa, wato lahani, faɗi gare shi, har mutuncin mutum yana shafa. Gilashi dai ba ya tear, break yake yi. Af, tear na hawaye da na yagewa rubutunsu ɗaya, furucin ne ya bambanta.